Kirsimeti Da Aljihun Maigida

'Yan'uwana mata, ga 25 ga Disamba ta matso. In kin leƙa Wusasa, kusa da Zariya, za ki tarar gida ya cika: suruka ta zo, dangi sun sauka, ana suyar cincin, ana aika wa maƙwabta Musulmi shinkafa da kaza, yadda su ma su ke aikowa da Salla.

Amma a ɗaka fa? Uwargida ta ciwo bashin atamfa, maigida ya murtuke, suruka na ƙorafin gishiri, ga kuɗin makaranta na jira a Janairu.

To, ki zauna da maigida tun yau, ku ƙidaya abin da ke hannu. Wankakken tsohon zane ba ya hana zuwa coci. Daidai ruwa, daidai tsaki.