Neman Shawara ta Waya: Wa Ke Ɗaya Ɓangaren?

"Don Allah a ɓoye sunana." Da haka ake fara yawancin saƙonnin da ake tura wa masu karɓar matsalolin jama'a a Facebook da Instagram. Wannan ta tsinci kwalaben kodin a ƙarƙashin kujerar motar mijinta. Waccan ta daɗe da fita takaba, amma har yau barci ya ƙi zuwa, abinci ba ya shiga. Wani matashi ya fara shan tiramol don ya jure wahalar acaɓa, yanzu in bai sha ba jikinsa rawa yake yi. Da an wallafa sai jama'a su yi caa: a ce ta yi haƙuri, a ce ta nemi saki, wani kuma ya ajiye lambarsa, wai sammu ne, yana da makari.

Ban ga laifin masu turawa ba. Nijeriya mai mutum sama da miliyan 200 ba ta da likitocin ƙwaƙwalwa da suka kai 300, kuma akasarinsu a manyan birane suke. Ga kuma bakin mutane. Wanda aka gani yana shiga asibitin Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, kafin ya dawo gida unguwa ta ɗauka ya haukace, maganar har takan taɓa auren ƙannensa. Ita kanta dokar ƙasa, sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da Turawan mulkin mallaka suka bari. To mutumin da abu ya ci masa rai, ga waya a hannu, ba mai ganinsa, ina zai nufa?

Kuma da gaske akwai taimako a cikin wayar. Ƙwararren mai ba da shawara, wanda ya karanci halayyar ɗan Adam, yana iya zama da kai ta kira ko ta bidiyo, a kan lokaci ƙayyadadde, mako-mako. Abin ya bazu a duniya lokacin korona, sa'ad da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta annobar. Aikin mai ba da shawarar ya sha bamban da wa'azi ko raba gardama tsakaninka da uwar miji. Zai tambaye ka yadda kake barci, yadda kake cin abinci, tunanin da ke dawo maka da daddare, sannan ya koya maka dabarun kama tunanin kafin ya kama ka. Ga mace mai jego da ta rasa me ke sa ta kuka, ko matar da ba ta fita sai da izini, ko magidancin da bashi ya hana shi sakat amma girma ya hana shi faɗa wa kowa, wannan hanya ce mai amfani. Ba ta hana addu'a, ba ta hana zuwa wurin malami. Mai ciwon suga ma yana addu'a yana shan magani.

Matsalar ita ce waya ba ta nuna maka ko wane ne a ɗaya ɓangaren. Kowa na iya sa farar riga ya ɗauki hoto, ya rubuta "Dakta" a gaban sunansa. Saboda haka ka tambaya, kada ka ji nauyi: cikakken sunansa, inda ya yi karatu, asibiti ko cibiyar da yake aiki. In ya ce likita ne, yana da rajista da hukumar MDCN mai kula da likitoci? Na ƙwarai ba ya jin haushin tambaya, kuma tun farko zai faɗa maka kuɗinsa da tsawon zaman. Wanda ya yi maka alkawarin raba ɗanka da ƙwaya cikin kwana bakwai, ko ya ce a tura kuɗi a aiko da wani haɗi a jarka, kasuwa ya buɗe. Wanda kuwa ya fara neman hotonki, ko ya ce ku haɗu ku biyu don "a fi fahimtar juna", ki toshe lambarsa nan take. Mace mai rauni a zuciya ita irin waɗannan ke farauta, kuma muryar da kika tura kina kuka kina tona sirrin ɗakinki, gobe da ita za a yi miki barazana.

Zancen sirri ma bai tsaya kan 'yan damfara ba. A 2023 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp, ɗaya daga cikin manyan masu wannan aiki ta intanet, ya biya dala miliyan 7.8, saboda ya miƙa wa Facebook da Snapchat bayanan masu neman taimakonsa domin talla, bayan ya yi musu alkawarin riƙe amana. In haka ta faru a can, sai mu kula a nan. A gidajenmu ma waya ba ta mutum ɗaya ba ce: yara na wasa da ita, maigida na dubawa, ƙanwa na ara. Kira kai tsaye ya fi saƙon murya aminci, domin shi saƙo ana iya tura shi gaba.

Inda na fi son a tsaya a yi tunani shi ne shaye-shaye. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A shekarar ce gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton binciken da BBC ta fitar. Matar aure mai shan kodin a ɗaka da wuya ta yarda a kai ta cibiyar gyaran hali, don haka kiran waya na iya zama matakinta na farko. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta buɗe layin kira kyauta a 2022, 0800 1020 3040, inda ake samun masu ba da shawara. Amma magana kaɗai ba ta wanke jiki. Wanda ya daɗe yana shan roci ko diyazafam, ko giya mai yawa kullum, in ya yanke lokaci guda yana iya kamuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya, har ta kai ga rasa rai. Tiramol ma yana jawo jijjiga. Irin wannan sai a gaban likita, a rage masa a hankali. Mai shawara na gaskiya da kansa zai ce maka a tafi asibiti. Wanda ya ce ba sai an je ba, ka yi shakkarsa.

Iyaye kuma, gajiya kada ta kai ku gidan mari. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da maza da yara kusan 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a jiki. Da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, da niyyar a shirya musu su.

Akwai lokacin da ba a jiran zama na mako mai zuwa. Matar da ake duka har jini ya fita tana bukatar ta bar wurin, ta samu waliyyinta ko hukuma. Wanda ya daina barci kwana da kwanaki, yana jin muryoyi, asibiti ya kamace shi yau. In kuma wani naka ya fara cewa ya gaji da duniya, mutuwa ta fi masa, kada a ce wasa yake, kada a rufe shi da faɗa. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. A kawar da fiya-fiya da magunguna da igiya daga inda yake, wani ya zauna tare da shi, a nemi abin hawa a kai shi asibiti mafi kusa.