Hagu ko dama? Yadda ake zaɓen kujerar taga daga Abuja

Da wuya mako ya shuɗe ba a ga ma'aikatan tarayya a filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe, riƙe da fayil, sun nufi taro a Legas ko aikin duba kwangila a wata jiha ba. Akasarinsu duk kujerar da aka miƙa musu ita suke karɓa. Sai jirgi ya lula, mutum ya tarar da rana ta dalle masa ido, ya ja marufin taga, alhali na ɗaya ɓarin yana can yana kallon Kogin Kwara. Hadimin da ya yankar wa maigidansa irin wannan kujera ya san abin da kan biyo baya.

Abin farko da za a riƙe shi ne haruffa. A jirage masu kujeru uku-uku, irin Boeing 737, A ce tagar hagu, F kuma ta dama. A guji layukan tsakiya, domin fiffike ne kawai abin kallo a wurin.

Na biyu ita ce rana. Mai zuwa Kano ya doshi arewa, don haka da safe rana tana damansa, da yamma tana hagunsa. Mai zuwa Legas kuwa kudu maso yamma ya fuskanta: hantsi a hagu, ranar la'asar a dama. A dawowa lissafin juyawa yake yi. Ɓarin inuwa ya fi daɗin kallo, ya kuma fi sauƙi ga mai son nazarin takardu kafin a sauka.

Sai abin da ke ƙasa. Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke jikin takardar Naira 100, yana arewa da filin jirgin. Idan jirgi ya tashi yana fuskantar arewa maso gabas, na hagu ne ke ganinsa. Idan ya sauko daga wannan kusurwar, rabon na dama ne. Iska da masu ba da umarnin tashi ke tsayar da wannan, ba fasinja ba.

A hanyar Legas, jirgi kan tsallake Kwara jim kaɗan bayan tashi. Mahaɗarsa da Binuwai a Lakwaja tana hagu, can nesa, sai ranar da sama ta washe ake hango ta. Mai zuwa Fatakwal ya fi kusa da ita, amma shi ta dama zai neme ta. A hanyar Yola, tsaunukan Filato suna hagu, Binuwai kuma yana miƙe a dama har a tsallake shi gab da isa. Ana dab da Kano, ruwan Tiga kan bayyana ta dama. Hadari kan sa matuƙi ya kauce wa hanya, saboda haka wannan ƙiyasi ne, ba alƙawari ba.

Lokacin shekara ma yana da ta cewa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu kan rufe komai, hagu da dama duk ɗaya ne. A tsakiyar damina gajimare ke tare ido. Mafi kyau shi ne ƙarshen damina, wajen Oktoba, lokacin da koguna suka cika, ƙasa ta yi shar, ƙura kuma ba ta taso ba.

Wannan ya wuce nishaɗi. Jami'in da ke sa hannu a takardun ambaliya ko na noman rani, idan ya ga yadda Kwara ke malala cikin fadamu da yadda ƙauyuka suka rungumi gaɓarsa, alƙaluman da ke kan teburinsa za su zame masa mutane da gonaki. Gani ya kori ji.

Don haka kafin tafiya ta gaba, a duba taswira da lokacin tashi, sannan a zaɓi kujera da wuri ta intanet. Wanda ya bari sai ya isa kanta, ragowar wasu zai samu.