Haƙƙin Da Ba Ya Tambayar Takardu

Wani dare a ɗakin gaggawa na asibitin da nake aiki a Bronx, aka kawo wani dattijo ɗan zangon Kumasi, kwana uku ke nan ƙirjinsa na ciwo. Na ce, "Baba, me ya hana ka zuwa tun ranar farko?" Ya sunkuyar da kai: "'Yata, ba ni da takardu." Saura ƙiris tsoro ya kai shi lahira, alhali doka tana tare da shi.

Tun 1986 akwai dokar tarayya, EMTALA, da ta wajabta wa asibitocin da ke karɓar kuɗin Medicare su duba duk wanda ya zo ɗakin gaggawa, su yi masa magani har ya fita daga haɗari, da takardu ko babu, da inshora ko babu. Takardar biyan kuɗi na iya biyo baya, amma ba a korar mutum a ƙofa.

Kundin tsarin mulkin Amurka ma haka yake. Gyara na 14, na shekarar 1868, inda ya yi maganar daidaito a gaban doka, "mutum" ya ce, bai ce ɗan ƙasa ba. Da wannan Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1982 cewa jihar Texas ba za ta hana 'ya'yan marasa takardu karatu a makarantun gwamnati ba.

Gyara na 4 gidanka yake karewa. In jami'an shige da fice suka ƙwanƙwasa, ba dole ne ka buɗe ba sai sun nuna sammaci mai sa hannun alƙali. Ka ce su turo ta ƙarƙashin ƙofa. Takardar da jami'insu ya sa wa hannu ba ta ba su ikon shiga ba.

Gyara na 5 ya ba ka ikon yin shiru. Ka faɗa a fili cewa ba za ka yi magana ba sai da lauya. Kada ka yi ƙarya, kada ka gudu, kada ka sa hannu kan abin da ba ka gane ba. Sai dai a kotun shige da fice, gwamnati ba ta biya maka lauya.

Don haka, 'yan uwa, a nemi lambar lauya tun yau, a rubuta a takarda, a nuna wa yara inda take. Shi dai Baba ya warke, ya koma gida da ƙafarsa.