Birki a Hanyar Duwatsun Adar: Abin da Direba Ya Kamata Ya Sani

Direban da ya ɗauko albasa daga Azarori ko Madawa, ya bi ta Buza zuwa Keita, ya san gangaren Adar ba ya yafe wa birki mai rauni. Nauyin kaya da tsawon gangare ne ke sa ƙarfe ya ɗauki zafi har birki ya daina kamawa.

Birkin gaba sassa uku ne: faifan da ke juyawa da taya, takalman da ke gogarsa, da mamatsin da ke matse su idan man birki ya turo. Masu motocin tsere suna ƙara faɗin faifan don ya riƙa huce zafi da sauri, kuma darasin ya shafi Hilux mai lodi.

Idan kaurin takalmi ya ragu zuwa milimita 3, a canja shi, duka tayoyin biyu tare. Faifan da ya yi zane mai zurfi, ko ya siranta ƙasa da lambar da aka buga a jikinsa, ya gama aiki. Man birki na DOT 4 yana jure zafi zuwa digiri 230, DOT 3 kuwa 205, amma dukansu suna shan danshi, don haka a sabunta duk shekara 2. A gangare kuma, a sauko da giya, inji ya taya birki riƙo.