Bayan an fito da jariri daga kwalba, wa zai kula da huhunsa?

Huhu na daga cikin sassan jikin da ke jinkirin nuna a mahaifa. Sinadarin da ke hana ƙananan jakunkunan iska na huhu mannewa, wanda likitoci ke kira safaktan, ba ya wadata sai ciki ya kai mako 34 zuwa 35. Shi ya sa bakwaini kan zo duniya yana nishi, ƙirjinsa na lotsawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi jarirai miliyan 13.4 kafin ciki ya cika mako 37. Akwai kuma wanda watanninsa sun cika amma huhun ya tsumbure, ko don faya ta fashe da wuri ruwa ya tsiyaye, ko don an samu ɓula a tantanin da ya raba ƙirji da ciki, hanji ya haura ya danne huhun.

Tun 1967 likita William Northway na Jami'ar Stanford a Amurka ya bayyana tabon da ke saura a huhun bakwainin da ya daɗe a kan injin numfashi da iskar oksijin. Irin wannan yaro kan yi watanni yana buƙatar oksijin, kuma murar da wani zai warke a kwana uku shi tana iya kwantar da shi. Sai dai Allah Ya yi rahama: huhu na ci gaba da ƙirƙirar sababbin jakunkuna bayan haihuwa, musamman a shekaru biyu zuwa uku na farko. Kulawar waɗannan shekarun ita ce jarin yaron, don haka ranar sallama ranar fara wani aikin ce.

Abu na farko da iyaye za su nema shi ne likitan yara guda da ya san tarihin yaron, fayil ɗinsa na hannunsa. Yau wannan asibiti, gobe wancan kemis, shi ke sa a yi ta maimaita magani ba a san inda aka kwana ba. Manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato da na Maiduguri suna da sashen jarirai na musamman, kuma a can aka fi samun ƙwararru a waje guda.

Ana buƙatarsu da yawa domin lalurar ba ta tsaya a huhu ba. Jini kan hau a jijiyoyin huhu har ya gajiyar da zuciya, sai da hoton zuciya ake ganowa. Oksijin da ya ceci rai, idan ya yi yawa, yana lalata idon bakwaini, shi ya sa ake so likitan ido ya duba shi wajen wata guda da haihuwa. Yaron da ke wahalar numfashi yana ƙona abinci fiye da sa'anninsa, sai an dage da nonon uwa da awo a kai a kai.

Nisa ma abin dubawa ne. Ƙwararren da ke Kano ba zai amfani iyalin da ke ƙauyen Gumel da ƙarfe biyun dare ba. A nemi asibiti mafi kusa mai oksijin da na'urar auna shi a jini, a kuma karɓo wa yaron takarda daga babban likitansa. Idan an ba da injin oksijin na gida, a tanadi tukunyar iska saboda ɗaukewar wuta.

Sauran aikin na gida ne. Turaren wuta a ɗakin mai jego, hayaƙin itace da gawayi, taba da ƙurar hunturu duk suna ƙuntata wa wannan huhu. Mai mura ya haƙura da zuwa barka. A cika rigakafi, har da na limoniya. Jaririn da bai kai wata biyu ba idan yana numfashi sau 60 ko fiye a minti guda, ko leɓɓansa sun canja launi, ko ya ƙi kama nono, a garzaya asibiti nan take.

Kafin a naɗe tabarmar jinya, uba da uwa su zauna da likita su tambaya: yaushe za mu dawo, wa za mu gani, ina za mu nufa idan abu ya tashi da dare? Haƙƙinsu ne a ba su amsa a rubuce, kuma haƙƙi ne a kan gwamnatocin jihohi su buɗe asibitocin bibiyar irin waɗannan yara kusa da talaka.