Tsumman Tata da Kashin Ɓera

Duk macen da ke dama koko a Kiru ko Kwanar Dangora ta san darajar tsumman tata. Takan ɗaure shi a bakin roba, ta zuba ƙullun gero, tana cuɗawa tana ƙara ruwa. Gasara ta gangara ƙasa, dusa ta tsaya a sama. Ranar da ta ga dusa na yawo a cikin gasara, ba sai an faɗa mata ba, tsumma ya huje.

Ƙoda ma aikinta ke nan, sai dai ita abin kirki take riƙewa, ta sallami datti. Kowace ƙoda na da 'yan matatai kusan miliyan ɗaya, kuma su biyun suna tace ruwan jini wajen lita 180 a yini, su mai da kusan duka cikin jiki, abin da ke fita fitsari bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba. Ita kuwa cutar lufus, wadda tara cikin goma na masu ita mata ne, yawanci a shekarun haihuwa, ɓarnar daga cikin gida take. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta ci mai ita, kuma kusan rabin masu cutar sai ta taɓa musu ƙoda. Matatai su huje, furotin ya riƙa zuba, fitsari ya yi kumfa kamar an kaɗa omo, ƙafa da fuska su kumbura.

To, ramin da ke jikin tsumma shaida ce cewa ɓera ya zo, amma ba ya faɗa miki ko yana ɗakin har yanzu. Haka furotin yake: tsohon tabo na zubar da shi, sabon kumburi ma na zubar da shi. Ga shi magungunan da ke danne garkuwa kamar shinkafar ɓera suke a gidan da ke da yara. In ɓeran na nan, dole a sa. In ya tafi, ajiye su haɗari ne kawai. Don raba gardama, likita kan sa allura ya tsakuro ɗan naman ƙoda a duba, aikin da sai an dangana da babban asibiti irin na Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma ba abin da za a yi ta maimaitawa ba ne.

Uwar gida mai wayo ba ta tsayawa kallon rami, bayan tukunya take leƙawa ta ga ko akwai sabon kashin ɓera. Abin da masu bincike ke nema a fitsari ke nan. Ƙwayoyin garkuwar da suka yi dafifi a ƙoda suna zubar da wani sinadari mai suna CD163, akwai kuma MCP-1 da ke kiran 'yan'uwansu zuwa wurin. Waɗannan sukan hau in cutar na ci, su sauka in magani ya kama.

Yawancin waɗannan gwaje-gwaje suna hannun masu bincike tukuna. Amma ɗan tsinken da ake tsomawa a fitsari a ga furotin ba shi da tsada, kuma ana samunsa a asibitocin kusa. Mai lufus a Bebeji, Tudun Wada ko Doguwa kada ta jira sai takalmi ya ƙi shiga. Tsumma tun ramin na ƙarami ake ɗinke shi; in ya yage, sai wankin ƙoda.