Tikiti a Madadin Kalmar Sirri

A wajen 2006, idan mutum ya yi rajista a wani sabon dandalin sada zumunta, sai shafin ya ce masa, ko kunya babu: kawo adireshin imel ɗinka da kalmar sirrinsa mu nemo maka abokanka. Mutane kuwa su miƙa. Shafin ya shiga akwatin saƙonsu kamar su ne da kansu, ya kwashi sunaye, kuma babu abin da zai hana shi karanta wasiƙu ko adana kalmar a rumbunsa. Wanda ya so korarsa hanya ɗaya gare shi, ya canja kalmar sirri, abin da zai kori har sauran shafukan da bai yi faɗa da su ba.

Wannan kwamacala ce ta sa wasu injiniyoyi, cikinsu har da Blaine Cook na Twitter da Chris Messina, suka tsara ƙa'idar OAuth, wadda ta fito a ƙarshen 2007. An sake mata fasali a Oktoban 2012 ta zama OAuth 2.0, sannan a Fabrairun 2014 aka ɗora mata OpenID Connect, domin ita OAuth ba da izini kawai ta sani, ba ta faɗin ko wane ne mai ba da izinin. A kan waɗannan biyun maɓallin nan na "Shiga da Google" ya tsaya.

Ɗauki misali: ma'aikacin ofishin da ka kai wa takardar shaida daga mai unguwa bai san ka ba, bai san gidanku ba, kuma ba ya bukatar sani. Hatimin ya sani. Mai unguwa shi ya san asalinka, shi ya ɗauki nauyin cewa kai ne. Haka aka raba aikin a intanet. Akwai sabar tantancewa, wadda ita kaɗai ke riƙe kalmar sirrinka, akwai kuma manhaja, wadda ba ta samun komai sai wani tikitin shiga mai sa hannun sabar, wanda masu sana'ar ke kira tokin.

Kafin kai mai waya ka ga maɓallin, wanda ya gina manhajar ya riga ya je ya yi mata rajista a wurin sabar. Ana ba shi lambar shaidar manhaja da wani mabuɗin sirri, shi kuma ya rubuta takamaiman adireshin da za a riƙa mayar da mutane bayan an tantance su. Wannan adireshin ba abin wasa ba ne. Idan aka bar shi sakaka, ɓarawo zai iya karkatar da amsar sabar zuwa shafinsa, shi ya sa saba mai hankali ba ta yarda da adireshin da ya saɓa wa na rajista ko da harafi ɗaya.

Da ka danna, manhajar za ta sallame ka zuwa shafin sabar. Ɗaga ido ka dubi saman allon: idan Google ce, za ka ga accounts.google.com. A nan kaɗai za ka rubuta kalmar sirrinka, manhajar ba ta gani. Sai a nuna maka abin da take nema, sunanka ne da imel, ko har da hotuna da jerin lambobin mutanenka. Idan ka amince, sabar ta mayar da kai da wata gajeriyar lamba da ake amfani da ita sau ɗaya tak, wadda ƙa'idar ta ba da shawarar kada ranta ya wuce minti 10. Manhajar ta ɗauki lambar, ta haɗa da mabuɗinta, ta koma wa sabar ta bayan fage, ta karɓo tikiti. Manhajojin waya ba sa iya ɓoye mabuɗi, tunda kowa na iya sauke su ya tone cikinsu, don haka a 2015 aka ƙara wata dabara mai suna PKCE: manhajar ta ƙirƙiri sabon sirri duk lokacin shiga, ta yadda wanda ya tare lambar a hanya ba zai iya musanya ta ba.

Galibi tikiti uku ake bayarwa. Ɗaya yana faɗin ko kai wane ne, ɗaya yana buɗe ƙofar bayanan da ka yarda a taɓa, kuma ransa gajere ne, na Google awa ɗaya. Na ukun shi ne na sabuntawa, wanda ke karɓo sabo idan wancan ya mutu. Shi ya sa kake wata da watanni ba a sake tambayarka kalmar sirri ba.

Na farkon, tikitin shaida, shi kansa abin kallo ne. Dogon zaren haruffa ne da lambobi, an raba shi gida uku da ɗigo biyu, kuma kusan kullum da eyJ yake farawa. Tsarin ana kiransa JWT, an tabbatar da shi a Mayun 2015. Ga ido kamar an kulle shi, amma ba a kulle ba, duk wanda ya same shi zai iya warware shi cikin daƙiƙa ya karanta. Gidan farko yana faɗin irin sa hannun da aka yi. Na tsakiya yana ɗauke da sunan sabar da ta bayar, lambar mai asusun, manhajar da aka yi shi dominta, da lokacin da zai daina aiki. Na ƙarshe shi ne sa hannun, wanda sabar ta yi da mabuɗin da ita kaɗai ke da shi, ta kuma wallafa abokinsa a fili don kowa ya iya gwadawa. Canja harafi guda a tsakiya, sa hannun ya ƙi dacewa.

A nan ne masu gina manhaja suka fi yin sakaci. Wani zai duba sa hannu ya manta bai duba ko tikitin na manhajarsa ba ne, sai a kawo masa wanda aka yanka wa wata ya karɓa hannu bibbiyu. Wani ba ya duba lokacin mutuwa. Kuma ba ƙanana kaɗai ke faɗawa ramin ba. A Yulin 2023 Microsoft ta bayyana cewa wasu masu kutse da ta ce daga Sin suke sun mallaki mabuɗin sa hannu na asusun talakawan masu amfani, suka ƙera tikitin bogi, kuma saboda giɓi wajen tantancewa tsarin imel na ma'aikatu ya karɓa. Ƙungiyoyi da hukumomi kusan 25 abin ya shafa, har da ma'aikatar harkokin wajen Amurka. Ni dai a ganina, matashin da ke haɗa wa wata makaranta ko ƙungiyar 'yan kasuwa manhaja a Kano ko Zariya bai kamata ya ce zai ƙera nasa tsarin daga tushe ba. Akwai gwanayen da suka sha wuya a kai: Keycloak na Red Hat kyauta ne, akwai kuma IdentityServer na Dominick Baier da Brock Allen, wanda daga baya ya koma na kuɗi da sunan Duende.

Babban raunin tikitin shiga shi ne bai san mai shi ba. Duk wanda ya riƙe shi, shi ne kai. A Satumban 2018 Facebook ta sanar cewa an bi ta wani kuskure a sashen da ke nuna wa mutum yadda wasu ke ganin shafinsa an kwashi tikitoci. Da farko ta ce asusu miliyan 50, daga baya ta rage zuwa kusan miliyan 30, kuma sai da ta fitar da asusu miliyan 90 suka sake shiga. Ba a saci kalmar sirrin kowa ba, ɓarayin ba su bukace ta ba.

Wani lokacin ma ba sata ake yi ba, roƙa ake yi a ba da. A Mayun 2017 wani ya yi wa manhajarsa rajista da sunan Google Docs, ya aika wa mutane gayyatar duba takarda. Shafin da suka gani na Google ne na gaske, adireshin daidai, sai dai iznin da ake nema shi ne na karanta imel da aikawa da sunansu. Suka danna amincewa ba su karanta ba, saƙon ya bazu ga duk mutanensu. Wannan allon neman izini, da yawancinmu ke tsallakewa kamar tallan sabulu, shi ne wuri ɗaya tilo a duk tafiyar da ake tsayawa a tambayi ra'ayinka. Manhajar tocila da ke neman jerin lambobin wayarka, ai ka san da walakin.

Mu ma nan gida tunanin ya iso. Hukumar NIMC ta fito da lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN) ta wucin gadi a 2022, mai haruffa da lambobi 16, wadda ake yanka wa kamfani ɗaya kuma ta mutu bayan awa 72, don kada mutum ya riƙa raba ainihin lambarsa a kowane kanti.

Tsarin ya rage yawan wuraren da kalmar sirrinka ke kwana, amma ya tara nauyin a wuri guda. Asusun da kake shiga ko'ina da shi, idan ya faɗi, sauran sun bi shi, don haka shi ya fi cancantar a sa masa tantancewa mai mataki biyu. Sannan goge manhaja daga waya ba ya soke iznin da ka ba ta. Sai ka shiga saitin asusunka na Google ko Facebook, ka buɗe jerin manhajojin da ke haɗe da shi ka cire waɗanda ka daina amfani da su. Wanda kuma ya shiga asusunsa a kwamfutar kafe don cike fom ɗin jarrabawa, rufe shafin bai wadatar ba, sai ya danna fita, in ba haka ba na bayansa zai zauna ya tarar da asusun a buɗe.